Ƙodar Direba

Litinin, 2 ga Yuni
Ta dace! Ta dace! Likita ya ce ƙodar Direba ta dace da jikin Maigida. A barandar asibiti na saki guɗa har wata nas ta leƙo tana cewa, "Baiwar Allah, akwai marasa lafiya fa." Wata goma sha huɗu muna zaryar wankin ƙoda, sau biyu a mako. An gwada mutum biyar a dangi, ashe ƙaninsa ne, wannan dogon da rabin rayuwarsa a bisa babbar mota take. Yesu, na gode.

Alhamis, 5 ga Yuni
A shago kai uku na yi wa kitso, ina yi ina waƙa. Wata ta ce, "Uwar ɗaki, waƙar da daɗi, amma kina ja min gashi." Na riga na gaya wa Fasto ina son ranar godiya a coci, zan ba da shaida. Na fara tsara abin da zan faɗa: azumin da na yi, addu'ar asuba da ban taɓa fashi ba. Ai dole mutane su ji.

Lahadi, 8 ga Yuni
Wa'azi kan Dokoki Goma. Fasto ya ce sai da Allah ya fitar da mutanensa daga bauta tukuna ya ba su doka. Alheri ne a gaba, biyayya kuma godiya ce. Ina ta "Amin" da ƙarfi har ya iso doka ta tara, ta shaidar zur.
Zan rubuta sau ɗaya. Shekara bakwai ke nan Direba ya nemi auren wata malamar makaranta. Goggonta ta zo shago tana binciken halinsa. A makon ya goyi bayan surukata a wata rigima da muka yi, ina cike da shi. Na ce na sha ganinsa a buge. Ban taɓa gani ba, ko sau ɗaya. Aka fasa auren. Har yau bai yi aure ba.

Talata, 24 ga Yuni
An shiga da su tiyata ƙarfe takwas na safe. Ana tura gadon Direba yana tsokanata: "Matar yaya, in na tashi kaza biyu za ki yanka min, ɗaya ladan ƙoda, ɗaya ladan tsoro." Na yi dariya.

Laraba, 25 ga Yuni
Ƙodar tana aiki! Ban taɓa zaton zan yi rawa saboda fitsari ba, amma yau na yi, a gaban surukata ma. Ita ma ta taka.

Asabar, 28 ga Yuni
Na kai wa Direba ruwan zafi a ɗakinsa na asibiti. Babu kowa sai shi. Na ajiye filas, na durƙusa, na faɗa masa duka. Ban yi wa maganar ado ba.
Sai ya ce, "Na sani. Goggon ta gaya min tun a lokacin."
Na ce to don me ya yi mana wannan?
"Yayana ne. Da sai in bar shi ya mutu don bakinki?" Ya gyara kwanciya yana cije leɓe saboda ɗinkin. "Na yafe miki tun bara, ni da Ubangijina, don riƙon ya ishe ni. Amma a gidan mutanen nan har yanzu sunana mashayi. Inda kika zubar, je ki kwashe."
Shekara bakwai yana shigowa gidana yana ɗaukar yarana a kafaɗa, ya sani. Wayyo.

Lahadi, 13 ga Yuli
Na gaya wa Maigida. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaushe za ki je?" Gara ma da faɗan ya yi.

Talata, 15 ga Yuli
Na je. Goggon ta tsufa, amma harshenta bai tsufa ba. A tsaye ta bar ni, ta kira maƙwabciyarta ta ce in maimaita a gabanta. Na maimaita. Ta wanke ni tas. Malamar ta yi aure tuni, 'ya'yanta biyu, wannan kam ba ya gyaruwa. Amma goggon ta ce za ta kira Direba da kanta.
Abin mamaki, a hanyar dawowa ƙafata ba nauyi. Na wuce tashar mota ban sani ba, da ƙafa na iso gida.

Lahadi, 10 ga Agusta
Ranar godiya! Maigida ya taka har gaban coci ba mai riƙe shi, mata suna guɗa, surukata tana kuka. Da aka miƙo min makirufo na ce alherin da aka yi wa gidana ban cancance shi ba, na gode wa Allah, na gode wa ƙanin mijina. Na zauna. Matar Fasto ta raɗa min, "Shi ke nan? Ke?"
Da rana Direba ya ci abinci a gidanmu. Ya ce gishiri ya yi yawa, a gaban baƙi kuwa. Amsa ta zo min har bakin leɓe, mai zafi, irin wadda na iya. Sai na ji kaina ina cewa, "Gaskiyarka, ƙanina, hannuna ya zarce."
Gajiya ce, ina jin.