Kwana Casa'in Ban Kunna Sigari Ba

Yaya Litiana,

Ina gaishe ki daga nan garin Mildura. Yaya jikin Mama da mutanen garinmu Savusavu? Ni lafiya lau, muna ta tsinkar lemo.

Albishirinki, yau kwana casa'in ban kunna sigari ba. Wani ɗan littafi na samu, ya ce in riƙa rubuta lokutan da sha'awar ke taso min. Sau biyu ina koma wa sigarin. A na uku na gane hutun shayi ne ke kayar da ni, sai na daina zama cikin masu shan sigari, na koma tauna ɗanyar citta. Makon farko na sha wuya, amma kada Mama ta ji.

Abokin aikina Tevita ya ce, "Kai ɗin? Ko Asabar ba za ka kai ba." Yanzu shi ke roƙona citta.

Jiya a coci na ja waƙa har ƙarshe ban yi tari ba, rabona da haka shekara tara. Ki ce wa shugaban mawaƙan cocinmu na gida ya ajiye min gurbina, ina nan tafe a Disamba.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Apenisa