Gorana a Kwalekwalen Likita

Catford, daren Asabar, Satumba 1975

Yau dai na taɓa ruwa, alhamdu lillahi, ko da yake Likita ya so ɓata mini rana. Tun da ɗan nan nawa ya kawo ni London gyaran ido, yake lallaɓa ni kamar jinjiri. Ya sayi kwalekwale wai na shan iska a wani tafki, ba taru, ba ƙugiya. Kuɗin arzikin man fetur ne ke ɗibar yaran yanzu.

Mun biya shago zaɓen filafilin tuƙi. Na ƙi na roba, na ɗauki na katako mai cika hannu. Sai ga mai shago da wata kumburarriyar riga ruwan lemo, wai ta hana nutsewa.

Likita ya ce, "Baba, in ba ka sa ba, masu tafkin ba za su bari ka hau ba."

Na ce, "Ni da aka yanke wa cibiya a bakin kogin Argungu? Gorana yana mota, da shi nake iyo tun ba a haife ka ba."

"Baba, gora ba ya cikin dokarsu."

"Ita dokar ta iya iyo?"

Har mun kama hanyar gida cikin fushi, na tuna rabona da tuƙi tun da ƙanena ya sayar mini da jirgi bai shawarce ni ba. Na ce a juya. Na sa rigar, amma ƙarƙashin babbar riga. Na ɗaure gorana a goshin kwalekwale, na tuƙa har Likita yana roƙon in sassauta.

Rigar dai banza ce. Sai dai akwai ɗumi. Tana jikina yanzu haka, kuma na kulle ƙofa.