Zardar Ammi Ta Fito Fara

Zuwa ga yayata, Baji Shagufta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bhai Tanvir da yara. Allah Ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar nan, kada sanyin Ingila ya ƙara tayar da shi. Mu nan Multan zafi ya kankama, mangwaro ya kusa nuna. Khala Parveen, ƙanwar mahaifiyarmu Ammi, ta warke sarai, har ta koma surutunta.

Baji, a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar Alhamis muka yi sadakar zagayowar rasuwar Abbu, Allah Ya jiƙan mahaifinmu. Ammi ta dage ita za ta dafa zarda, wai tunda aka kawo ta gidan nan maƙwabta ba su taɓa cin shinkafa mai zaƙi ta hannun wata ba, ba kuwa za a fara da ni ba, ni da ko ruwan shayi sai na ƙona. Na bar mata murhu. Kin dai tuna yadda ta koya mana: a ɗebi garin kalar abinci mai rawaya a bakin cokali, a narkar da shi a ɗan kofin ruwa, a juye cikin ruwan da shinkafar ke tafasa, in ya yi duhu a ƙara ruwa. Ta sha buge miki hannu da ludayi tana cewa kala ba ruwanta da mai, ruwa kaɗai ke narkar da ita.

To, a cikin man shanu ta zuba garin. Ya kwanta a gindin tukunya kamar yashi. Ta yi ta juyawa, ya ƙi narkewa, ta ce mai kanti ya cuce mu, kalar zamani duk ta banza ce. Khala ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Zardar ta fito fara, da jajayen ɗigo nan da can, haka muka raba ta. Kowa ya ce ta yi daɗi, amma matar maƙwabcinmu Haji Riaz ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, ta tambaye ni a hankali tun yaushe abin ya fara. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Da la'asar na kawo kofin gilashi cike da ruwa, na barbaɗa kalar a gabanta ko za ta tuna. Ta zuba ido tana kallon rawayar tana sauka kamar zare, tana bazuwa har ta rine ruwan duka. Ta yi dariya, ta tambaye ni wa ya koya mini wannan dabara. Likita ya ce mantuwar da ke damunta gaba za ta yi ta yi, ba baya ba.

Abu ɗaya ne bai kuɓuce mata ba. Kafin ta zuba zabibi ta ɗebi faranti guda ta rufe, yadda take yi miki tun kina ƙarama saboda ba kya cinsa. Na tambaye ta na wane ne. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce na wata yarinya ce mai tsirfar tsiya, sunan yana kan harshenta, in bar ta zai zo. Bai zo ba, kuma ta hana kowa taɓa farantin.

Bara kin ce sai an gama gyaran gida, bana kin ce sai 'yarki Areeba ta gama jarrabawa. Raina ya ɓaci, Baji, ba zan ɓoye miki ba. Uwarmu ce. Ki zo tun tana cire miki zabibi.

Ki gaida Bhai Tanvir, da Areeba, da ƙaramin Zohaib. Khala tana gaishe ki. Na gaya wa Ammi mai farantin nake rubuta wa, ta ce in ce mata ta yi sauri, abincinta yana hucewa.

Ƙanwarki,
Nighat