Iskar Komawa Sur

Daga Kolam, zuwa ga ɗan ƙanwata Halfan, mai jirgi a Sur.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida uwarka da yara.

Bana ma jiragen gida za su tashi su bar ni. Tun da haƙorana suka zube na kasa cizon igiyar allon awon taurari da muke gane hanya da shi a teku, babu mai ɗaukata jagora. A matsayin fasinja ma ba sa so, wai tarin nan ba zai kai ni gaɓa ba. Jiya wani mai jirgi ya ce mini, "Baba, masoro muke lodi, ba gawa ba."

Ina zaune a bayan rumbun wani ɗan kasuwa. Matarsa tana aiko mini da shinkafa da kifi, amma ba mai zama mu yi hira. Ka san iskar gida sau ɗaya take busawa a shekara. In ta wuce, teku ya zama bango.

Na yi wa marigayiya matata Zuwaina alkawari a gefenta za a binne ni, can a Sur. Ka zo ka ɗauke ni.

Kawunka, Sulayyim.

*

Daga Sur, zuwa ga Kawu Sulayyim.

Wa alaikumus salam, Kawu. Inna ta yi kuka da aka karanta mata takardarka, daga baya ta ce dama can zaƙin dabino ne ya cinye maka haƙora.

Na aiko wannan ta jirgin da ya riga ni tashi. Ina biye da lodin dawaki, kuma na ware maka shimfiɗa kusa da tawa. Amma Kawu, kai ka koya mini ƙa'idar: wanda ya cika a tsakiyar teku ba a ajiye shi. A yi masa sutura, a sallace shi, a ɗaura dutse, a sake shi. Ba zan iya karya wannan ba ko don kai, mutanena ba za su yarda ba. In ka zauna a Kolam, aƙalla kana da kabari da jama'ar masallaci. Ka auna jikinka kafin in iso.

Na share kabarin Gwaggo Zuwaina. Wurin da ke gefenta yana nan, ba a taɓa ba.

Ɗanka, Halfan.

*

Halfan,

Sallama. An ce jirginka ya shigo. Ba zan iya saukowa bakin ruwa ba, ka turo mutum biyu su ɗauke ni.

Na auna jikin, ba lallai ya kai ba. Na sayi likkafani, na kuma zaɓi dutsena da kaina don kada in wahalar da ku. Ƙasar Kolam ba ta haɗu da ta Sur ba ta kowace fuska. Ruwan nan kuwa kullum yana taɓa gaɓar da Zuwaina take kwance.

Allah ya ba mu iska mai kyau.

Kawunka, Sulayyim.