Takun da Ya Biyo Mu a Hatta

Kawu Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali? Da fatan kowa lafiya.

Ran Juma'a ni da abokin aikina Idi muka yanka akuya a wata gona can saman duwatsun wani gari da ake kira Hatta. Mota ba ta hawa, sai muka saɓo naman a buhu. Da rana tsaka na ji takun kofato a bayanmu. In mun tsaya, ya tsaya.

Idi ya ce, "Kar ka waiwaya. Jefa masa tsoka."

Na jefa. Wallahi Kawu, na ji ana taunawa.

Kai da ka tsufa a farauta, wane mai kofato ne ke cin nama? Har yau na kasa taɓa rabona.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗanka,
Sabi'u