Wuyan Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zafin Agadas? Ina su Balki da yara? Mu nan unguwar Zariya lafiya lau, in ban da Inna.

Yaya, tsoro nake ji. Tun bayan salla Inna ba ta cire hijabi ko a ɗaki, muka ɗauka ibada ce ta ƙaru. Ashe maƙoƙo take ɓoyewa. Sai da na zo yi mata kitso na ga wuyan ya kumbura. Tana ci sosai amma sai ramewa take, hannunta na rawa har fura na zuba daga ludayi.

Na kai ta likita a kabu-kabu. Bayan gwajin jini aka ce wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro take zuba sinadarinta cikin jini fiye da kima. Likitan ya ba da magani, ya ja kunnenmu kada a kuskura a sa aska a wurin.

To ga Gwaggo Rabi ta zo daga Tsibiri, ta ce mugun jini ne, wanzami zai zo ran Juma'a ya yi tsaga ya kafa ƙaho. Da na yi magana sai ta ce, "Ke yaushe aka haife ki?" Inna kuwa ta sunkuyar da kai, ka san ba ta iya musu da dangin Baba.

Kai kaɗai Gwaggo ke jin maganarka. Ka gaida kowa, ku sa mu cikin addu'a. Don Allah ka kira ta kafin Juma'a, wanzamin har ya karɓi goro.

Ƙanwarka,
Hadiza