Wace Murya Zan Sa wa Dogo?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ina roƙon a saka mini wannan ba tare da sunana ba, sunayen da zan ambata a ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, domin lokaci ya ƙure mini.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar La'asar, muna falona mu biyu, ni da babbar 'yata Amira, da kwamfuta a gabanmu. Wani tsohon katun muka zauna kallo, kuma abin da na ji a ciki shi ya sa nake wannan rubutu. Amma sai na koma baya kafin ku gane.

Ni ɗan Gumel ne, aikina karanta labarai da fassara a gidan rediyo. A farkon shekarun casa'in, ba a daɗe da ba mu jiha ba, aka turo wani ma'aikacin ruwa ya kama haya jikin gidanmu. Mutumin Filato ne, Kirista, muna ce masa Baba Yohana, yana da 'ya tsararmu mai suna Rifkatu. Shi kaɗai ke da talabijin a layinmu, baƙi da fari, mai aiki da batirin mota, eriyarta a kan doguwar gora. In an juya gorar arewa sai ta kamo tashar Nijar, su kuma ranar Asabar da yamma suna saka katun da Faransanci. A cikinmu ba mai jin Faransanci, don haka Baba Yohana sai ya rage muryar talabijin har ta koma ƙus-ƙus, ya ja kujera 'yar tsugunno gefenta, ya riƙa yi mana magana a madadin duk wanda ya buɗe baki a ciki. Yana da muryar tsohuwa, yana da ta 'yan sanda, har jaki yana da tasa. Ya ce mana a kasuwar Maigatari ya koyi harshen, mu kuwa ba mu taɓa tambaya ba.

Wanda muka fi so shi ne labarin wani dogon mutum mai hular kwano da ke yawo rungume da akwati, wasu suna bin sa. Baba ya ce sunansa Dogo Mai Amana, akwatin na wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu, aka damƙa masa ya kai mata, masu bin sa kuma ɓarayi ne da suka yi shigar 'yan sanda. Yunwa ta kama Dogo, ruwa ya dake shi, a jefa shi rami, amma ba zai buɗe akwatin ba. Kwalbar da yake yawan kurɓa, Baba ya ce maganin shawara ne. In wata mace ta matso kusa da Dogo, nan take hoton zai lalace a wajen Baba, ya miƙe ya tare allon da bayansa yana gyaran waya. Ƙarshen labarin ba mu gan shi ba, ranar batir ya mutu ana tsakiyar kallo, Baba ya ƙarasa mana da baki, ya ce Dogo ya kai akwatin, tsohuwa ta sa masa albarka.

Da farko iyayenmu ba su so ba. Wata Asabar mahaifinmu ya ɗauko limamin unguwa da niyyar a hana mu zuwa gaba ɗaya, liman ya tsaya a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Sai aka dace ranar Dogo ya kwana da yunwa, Baba yana cewa da muryarsa, "Cikina nawa ne, akwati na mai shi ne." Liman ya cire takalmi ya zauna a tabarma tare da mu. Da aka tashi ya ce wa mahaifinmu a bar yara. Daga nan ne gidajen suka buɗe wa juna, naman layya ya shiga gidan Baba, shinkafar Kirsimeti ta shigo namu, da matarsa ta rasu iyayenmu mata ne suka zauna karɓar gaisuwa. Ya yi ritaya bai koma gida ba. Ni kaina, son aikin murya a gefen talabijin ɗin nan na ɗauke shi.

Mu da muka taso a tabarmar nan muna da gurup a waya, kuma ba a mako ba a tayar da zancen katun na da da na yanzu ba. Ra'ayin kusan ɗaya ne, na da tarbiyya ne, na yanzu ihu ne da rashin kunya. Ni ne na fi kowa zaƙewa. Na hana ƙannen Amira kallon na yanzu, na kuma taɓa yin shiri guda a rediyo a kan batun, na kawo Dogo a matsayin hujja. Wani malamin makaranta ya bugo daga Sule Tankarkar ya ce, "Malam, katun katun ne, ku ne dai kuke kewar ƙuruciyarku." Na gode masa cikin ladabi, na katse layin.

Yanzu Baba Yohana ya tsufa, idonsa ya tafi, 'ya'yansa sun yanke za su mayar da shi Filato. Gurup ya shirya masa taron ban kwana ranar Asabar mai zuwa. Shugabanmu shi ne Alhaji Nasiru, abokina na ƙuruciya, mai manyan motoci a hanyar Maigatari, kuma kowace motarsa an rubuta mata Dogo Mai Amana a goshi. Shi ya samo tsofaffin kaset na katun ɗin wajen surukinsa a Damagaram, aka juye su, ya turo mini ya ce in sa musu muryar Hausa. Za a haska a majigi a gaban Baba da 'ya'yanmu, daga baya a kai wa makarantu a Gagarawa da Sule Tankarkar, a kuma ɗora a intanet. Na amsa da murna. Amira tana karanta Faransanci a jami'a, na ce ta zo ta fassara mini kalma bayan kalma, domin ban son in dogara da abin da na tuna kawai.

To shi ne zaman ranar Lahadi. Abu na farko da na gani, rigar Dogo ruwan ɗorawa ce, ni a raina fara ce. Amira ta fara fassara, ta tsaya, ta mayar baya, ta yi dariya, can kuma ta daina dariyar. Dogo ɓarawo ne. Akwatin satowa ya yi daga gidan tsohuwar, masu bin sa 'yan sanda ne na gaske, kwalbar giya ce. Bai buɗe akwatin ba ne saboda ya kasa ɓalle kwaɗon, dukan barkwancin a kan haka aka gina shi. Wurin da Baba ya ce cikina nawa ne, Dogo zagin uwar maƙerin da ya yi kwaɗon yake yi. Na sa ta tsallaka zuwa kashi na ƙarshe, wanda batir ya mutu. Ana tsakiyarsa Dogo ya samo guduma, ya fasa akwatin, ya kwashe, ya tsere yana yi wa tsohuwa gwalo. Daidai inda ya ɗaga gudumar, nan ne hoton ya ɗauke mana a wancan lokaci.

Mun yi musu da Amira, ba da ɗaga murya ba. Na ce duk da haka zanen na da ya fi natsuwa, ba ya gudu kamar na yanzu. Ta ce natsuwar ɓarawo ce dai. Ta tuna mini katun ɗin da na hana ƙannenta, wanda a cewarta yara ne kawai ke koyon ƙirga da raba abinci, laifinsa dai suna da surutu. Sannan ta ce, "Abba, ku fa ba katun kuka kalla ba, Baba Yohana kuka kalla." Na ce to sai mu sa labarin Baba a kan hoton. Ta ce ni na koya mata cewa mai fassara ba ya ƙara gishiri, kuma ta ji ni da kunnenta ina yi wa wani sabon ma'aikaci faɗa a waya don ya tausasa maganar wani babba a labarai. Ta ce ba za ta tona wa kowa ba, amma ba za ta sa hannu ba, kuma in ƙannenta suka tambaye ta me Dogo ke cewa, za ta faɗa musu.

Washegari na kira Nasiru, na ce me zai hana a bar majigin nan, a ci abinci, a yi jawabi, a sallami Baba. Ya ce, "Kai mai rediyo, lalaci ne ya kama ka ko tsufa? In ba Dogo ai ba taro." Na ce fassarar Baba ba ta zo daidai da Faransancin ba. Ya ce ai shi ya sa aka ba ƙwararre, in gyara nahawun. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai ya shiga ba ni labarin yadda yake zaunar da kowane sabon direba ya ba shi labarin Dogo kafin ya miƙa masa makulli, da yadda ɗansa na fari ma Dogo ake ce masa a gida. A ƙarshe ya ce surukin nasa zai zo taron da mutanensa daga Damagaram, ya ƙara da cewa, "Mutumin nan ban gane masa ba, duk ya ga rubutun motata sai ya yi ta dariya, wai mu 'yan Nijeriya akwai abin mamaki." Su mutanen Damagaram da muryar Faransancin suka kalli katun ɗin tun suna yara. Za su zauna a sahun gaba.

Ranar Laraba da hantsi na je Gumel na sami Baba a zaure, Rifkatu tana ɗaure kaya a ciki. Bayan gaisuwa na ce, Baba, wai Faransancin nan har ina ka kai a cikinsa? Ya yi dariya ya ce har inda ake sayen rago a Maigatari ba a cuce ka ba. Na ce ka tuna ranar da batir ya mutu? Ya ce batir ai mutuwa yake yi, ɗana. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce ya ji ni zan yi muryar, ya ji daɗi, domin ido ya tafi, kunne ne ya rage masa, yana so kafin ya bar garin nan ya ji Dogo yana Hausa da muryar da ba tasa ba. Da zan tafi Rifkatu ta rako ni ƙofa, na tambaye ta kai tsaye ko Baba yana jin Faransanci. Ta ce gaisuwa da ciniki kawai ya iya. Ta ce ranar da aka ce batir ya mutu ta gan shi ya sa ƙafa ya ture wayar batir, ta tambaye shi daga baya, ya aike ta ɗebo ruwa. Ba ta sani ba ko yanzu yana tuna ya yi haka, domin kwanan nan yana ba jikokinsa labarin Dogo kamar wani mutum da ya taɓa zama a Gumel. Ta ce, "Yaya, kowanne za ka yi, kada dai a yi wa Baba dariya."

Ga inda na tsaya. In na sa fassarar gaskiya, zan haska wa 'ya'yanmu ɓarawo mashayi, in kuma nuna wa gari cewa tsohon nan bai ji abin da yake fassarawa ba, a ranar da aka taru don karrama shi. Akwai masu jiran irin wannan su ce ashe yaudarar liman aka yi. In na sa labarin Baba na kira shi fassara, na yi abin da nake hukunta yara a kansa a wurin aiki, da sunana a jiki, a gaban baƙin da suka san gaskiya, sannan ya shiga makarantu da intanet inda ba zan iya janye shi ba, kuma kashi na ƙarshe sai na yanke shi kamar yadda Baba ya yi da ƙafa. Na yi tunanin in fito fili in ce wannan labarin Baba Yohana ne ba na masu zanen ba, a karrama shi a matsayin mai labarin. A ganina wannan ya fi girma. Amma ban sani ba ko shi zai ji shi a matsayin girma, ko zai ji an ce masa maƙaryaci a gaban jikokinsa, kuma Nasiru zai ji a cikin taro cewa sunan ɓarawo ya rubuta wa motocinsa. In na ce ba ni da lafiya, Nasiru zai ba wani yaro a situdiyo, shi kuma ya fassara yadda yake ba tare da ya san Baba ba.

Har yanzu ban san amsar da zan bayar ba in an sake tambaya ta ko katun na da ya fi na yanzu. Abin da ya gyara mu gaskiya ne, na gan shi a jikin Nasiru, ba a taɓa jin kayan wani ya yi ciwon kai a motarsa ba. Sai dai ba a cikin kaset ɗin yake ba.

Jama'a, me za ku yi in ku ne? In faɗa wa Nasiru shi kaɗai tun kafin ranar, alhali na san ba ya iya riƙe magana? In koma wurin Baba in tambaye shi ƙarara, ko wannan ma cin fuska ne ga tsoho? Wanda ya taɓa aikin fassara a cikinku, akwai hanyar da zan sa labarin Baba ba tare da na yi ƙarya ba? Iyaye kuma, me zan ce wa ƙannen Amira da na hana kallo da hujjar Dogo? Don Allah ban da zagi, kuma kada a taɓa addinin kowa, mutumin nan uba ne a gare mu.

An kama mini situdiyo gobe da safe. Ɗazu Nasiru ya turo katin gayyata a gurup, da hoton Dogo rungume da akwati, a ƙasa an rubuta sunana a matsayin mai fassara.